Idon da Na Sa wa Auta

Auta muke ce masa ko da yake mu biyu ne kacal a wurin iyayenmu, ni da shi, da shekara goma sha ɗaya a tsakani. Wannan tazarar ce ta sa na san Baba da lafiyarsa, mai gyaran keken ɗinki da teloli ke layi a ƙofar shagonsa. Shi kuwa Auta bai tarar da kowa ba sai mutumin da ke toshe kafar makulli da tsumma yana cewa maƙwabta na leƙensa. Ciwon bai zo da hayaniya ba. Da tambaya ya fara, wata safiya muna karyawa, ya ce wa ya taɓa masa kayan aiki. Abin da ya biyo baya shekara tara ne, kuma ba na son lissafa shi.

Ina da shekara goma sha shida na raka Mama wurin likitan da ke duba Baba, don ni ce mai riƙe sunayen magunguna a ka. Mama ta tambaye shi abin da ke cin ta a rai, ko yaranta za su gada. Likitan ya ce ba dole ba ne. Ya ce jini yana da nasa rabon, in aka ɗauki 'ya'ya goma na masu irin wannan ciwon, kusan ɗaya ne yakan kamu, kuma yawanci yana fitowa ne tsakanin tashen balaga da shekara talatin. Ya ce akwai abubuwan da ke tunzura shi: shan wiwi, daɗewa ba barci, kaɗaici, babban rashi, damuwar da ta ƙi ƙarewa. Mama ta ji taran da ba sa kamuwa ta yi hamdala ta ɗauki jakarta. Ni ɗayan na ji, kuma da shi na fito daga asibitin.

Ranar da na cika talatin na cire kaina daga lissafi, kamar yadda nake jan layi a kan sunan yaron da ya bar makaranta. Malamar firamare ce ni, aji huɗu, shekara goma sha biyu ina riƙe da rajista da jan biro, kuma ban taɓa yarda cewa akwai abin da zai faru a gabana ban gani ba. Saura Auta.

Bara Mama ta rasu. Mai gidan da take haya ya karɓi ɗakunansa, Auta ya dawo wurina, na ba shi ɗakin baya kusa da tankin ruwa. Shekararsa ashirin da huɗu, yana aiki a wata maɗaba'a, a kan injin yanka takarda. Shekara uku ya yi yana kwashe tarkacen yanka a ƙarƙashin injin nan kafin a yarda ya taɓa shi, kuma in yana maganarsa sai ka rantse matar da zai aura yake yabo. Amma bayan rasuwar maganar ta ɗauke gaba ɗaya. Ya dawo, ya gaida mu, ya ci rabin abinci, ya shige ɗaki. Da safe idanunsa jawur. Maigidana ya ce in ƙyale yaro ya yi jimamin uwarsa. Na ce masa ba shi ya zauna da Baba ba. A kaina kuwa tuni na jera su: ga jini, ga shekaru, ga rashi, ga sabon wuri, ga rashin barci. Abu ɗaya ya rage in tabbatar, shi ne ko ya fara shaye-shaye.

Da aljihunsa na fara, in zan yi wanki. Ban samu komai ba sai tikitin mota da siraran takardu. Daga nan na koma shiga ɗakinsa in na taso daga makaranta kafin ya dawo. In shinshina filo, in ɗaga katifa, in buɗe littattafansa ɗaya bayan ɗaya in girgiza. In na gama sai in mayar da komai tsaf, har in tsaya a bakin ƙofa in duba aikina da alfahari. Na sayi ƙaramin littafi mai bango kore na riƙa rubuta kwanan wata da abin da na lura da shi: ya ci, bai ci ba, ya yi dariya sau ɗaya, ya daɗe yana kallon bango.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne sana'arsa. Mutumin da ke wuni yana daidaita gefen takarda dubu don wuƙa ta sauka a kan layi, idonsa na ganin karkacewar da ba ta kai faɗin farce ba. Littattafan Auta gefensu a jere yake da bakin tebur kamar an yanke su tare. Ni kuwa ina jera su irin jerin malamai, babba a ƙasa, ƙarami a sama.

Kwana goma da farawa, muna karyawa, ya ajiye kofi ya ce, "Yaya, akwai mai shiga ɗakina in ba na nan?"

Na ce wa zai shiga, yarana suna makaranta, ni ina makaranta. Ya ce shi ke nan, ƙila shi ne ya manta. To ga inda nake so a fahimce ni, don ni kaina na daɗe ban fahimta ba. Na san ni ce mai shigar. Amma abin da kunnena ya ji shi ne tambayar Baba, a irin lokacin, a kan irin teburin. Na ce wa kaina ai na mayar da komai daidai, mai lafiya ba zai lura ba, lurar ita ce alamar. Na shiga ɗaki na rubuta a koren littafin da jan biro cewa ya fara zargi.

Ranar Asabar na je wurin Kawu, ƙanin Mama, tsohon direba da ya yi ritaya kuma zaman banza ya ishe shi. Na roƙe shi ya bi Auta in ya tashi daga aiki, ya ga ko yana tsayawa wurin 'yan hayaƙin da ke bayan tasha. Kawu ya gyara zama, ya ce wannan aiki ne na masu hankali, kuma tunda yaron ya san shi, zai sa amininsa da suka yi tuƙi tare. Aminin nan dogo ne, mai farin gemu, ba ya rabuwa da baƙar lema ko ana ruwa ko ba a yi. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauki aikin sa-kai da zafi kamarsa ba. In Auta ya tsaya, ya tsaya. In Auta ya waiwaya, sai ya buɗe lema ya rufe fuska, a tsakiyar titi, rana tsaka. Duk wannan daga baya na ji. Rahoton da ya riƙa iso mini ta bakin Kawu shi ne yaron ba ya zuwa bayan tasha, tsohon layinmu yake bi, ya tsaya a tsallaken titi yana kallon tagar da Mama ke shanya tawul, ya yi kamar minti goma, ya wuce. Kwanan nan kuma ya fara waige-waige da sauya hanya.

Maganar tagar ta sa ni kuka. Maganar waigen kuma na rubuta ta.

Da na ga ba wiwi a gida, ba wiwi a hanya, sai na ce saura wurin aiki. Na san ranar Talata da rana ake aikensa kai kaya, na nemi izini a makaranta na tafi. Maɗaba'ar ɗaki ne mai tsawo, ba taga sai fanka biyu, warin tawada da gam ya cika shi, ƙasa duk siraran takardu kamar an yi aski. A can ƙarshe injin Auta yake, ƙarfe mai kauri da wuƙa mai tsawon hannu biyu. Mai maɗaba'ar, wani gajere mai biro a bayan kunne, ya nuna mini shi da fahariya. Ya ce maɓalli biyu ne, ɗaya a kowane gefe, sai an danna su tare wuƙar ke sauka, don kada hannu ya rage a ciki. Ya ce duk da haka ya taɓa ganin wanda ya bar yatsu uku a kan irinsa, shi ya sa ba ya ɗora kowa a kai sai mai cikakkiyar natsuwa, kuma ƙanena ya fi kowa.

Da na yi shiru a nan na tafi, da an zauna lafiya. Amma na zo da tambaya, kuma malami ba ya komawa da tambayarsa. Na ce ko ya lura da wani canji, don yaron ba ya samun barci. Ya ce wane irin canji. Na ce ko yawan zargi, ko magana shi kaɗai. Ya zare biron daga bayan kunne ya ce, "Malama, akwai abin da ya kamata in sani ne?" Na ce babu, kawai dai mahaifinmu ya yi fama da ciwon ƙwaƙwalwa, shi ne muke kiyayewa. Na roƙe shi ya bar maganar tsakaninmu. Ya ce haba, ai ko matarsa ba za ta ji ba.

Ban san ko matarsa ta ji ba, amma ma'aikata bakwai sun ji kafin a tashi. Washegari aka ɗauke Auta daga kan inji aka mayar da shi teburin naɗe takarda, wai na 'yan kwanaki, wai don ya huta. Aka ɗora wani a wurinsa. In ya shigo sai hira ta mutu. In ya ɗauki almakashi sai na kusa da shi ya tuna yana da aiki a waje. Bayan mako biyu mai maɗaba'ar ya kira ni a waya, ya ce shi ba zai ɗauki alhakin yatsun kowa ba: in ana so yaron ya koma kan inji, a kawo masa takardar likita kafin ƙarshen wata, in ba haka ba wanda ke kai ya zauna ke nan. Na kashe wayar ina zagin gajeren mutumin nan a raina, kamar shi ya taka ya zo makarantarmu da maganar.

Ina cikin tunanin yadda zan ja Auta zuwa asibiti ba tare da ya gane ba, sai ga shi da kansa. Da yamma ne, ina gyara jarrabawar yara a tsakar gida. Ya jawo kujera ya zauna, ya daɗe yana murza wata siririyar takarda a yatsunsa.

"Yaya, ina jin abin Baba ya zo mini," in ji shi.

Ya faɗa mini duka, a hankali, yana kallon ƙasa. Ana taɓa masa kaya. Wani tsoho mai lema na binsa kullum. A wurin aiki ana maganarsa, an cire shi daga inji ba laifin tsaye ba na zaune. Ya ce ya san yadda maganar ke sauka a kunne, ya san babu dalilin da zai sa duniya ta taru a kan mai yankan takarda, don haka dole daga kansa ne. Ya ce yana so in kai shi asibiti tun yana gane ni. Ya ce ni kaɗai ya yarda da ita.

Ga dama ta zo har tsakar gida. Kalma biyu sun isa: ni ce. Amma kunya ta hana ni, ga kuma wata murya ta malama a cikina tana cewa ai ga shi an samu abin da ake so, zai ga likita, a bari likita ya tantance. Na dafa kafaɗarsa na ce kada ya damu, ina tare da shi. Har godiya ya yi mini.

Ranar Alhamis muka je. Layin ya yi tsawo, benci ya yi zafi, muka zauna kusa da wata mata da ke ta gyara wa ɗanta maɓallin riga ko da yake a ɓalle yake daidai. Ɗakin likitar ƙarami ne, tebur ɗaya, kujeru uku, kalanda a bango, da labule mai ruwan ƙasa. Likitar matashiya ce, da ƙyar in ta girmi Auta da shekara biyar, mai magana a sanyaye da rubutu da sauri. Ta tambayi tarihin gida, na ba ta na Baba daki-daki, har da sunayen magungunan da na haddace tun ina 'yar sha shida. Ta tambayi wiwi, ya ce bai taɓa ba. Ta tambayi barci, ya ce awa uku, wani lokaci biyu. Ta tambayi rashi, ya ce mahaifiyarsa. Duk amsa ɗaya sai biro ya yi tafiya.

Sannan ta ce ya faɗa mata abin da ya kawo shi. Ya maimaita abin da ya faɗa mini, ya ƙara da wanda ban sani ba. Ya ce don ya gwada kansa, ya yanko takarda mai faɗin milimita biyu ya riƙa maƙala ta a saman ƙofarsa in zai fita, kuma sau shida yana tarar da ita a ƙasa. Ya ce har ya fara tunanin ko shi ke cire ta ya manta. Likitar ta ce tun yaushe yake ɗana wa mutane irin wannan tarkon. Ta faɗa da taushi, amma na ga ta ja layi a ƙarƙashin abin da ta rubuta. Na san wannan layin. Ni ma ina ja wa yara shi.

Ta juyo gare ni. "Malama, ke kina gidan. Kin taɓa ganin alamar wani na shiga ɗakin nasa?"

Na dubi takardar da ke gabanta, ta kusa cika. Na san in na ce a'a, abin da zai hau kanta zai bi Auta har ƙarshen rayuwarsa, inji kuwa ya yi bankwana da shi. Na ce, "Ni ce."

Na ci gaba. Na faɗi aljihu, na faɗi katifa, na faɗi Kawu da amininsa, na faɗi Talatar da na je maɗaba'a da abin da na ce wa mai ita. Na zaro koren littafin daga jaka na ajiye a kan tebur, don tun farko na zo da shi ne a matsayin shaida. Likitar ta buɗe, ta karanta shafi biyu, ta rufe, ta ajiye bironta a kai. Ta ce a hankali cewa wanda ke ɗauke da irin wannan gadon natsuwa yake buƙata, ba a ƙara masa abin tsoro. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba, ni da nake tsayar da iyayen yara in yi musu faɗa.

Na jira Auta ya zage ni. Sai na ji yana dariya, wata 'yar dariya mai rawa, hannunsa a kan goshi.

"Littattafan, ke ce?"

Na ce ni ce.

"Mai lemar nan, mutum ne na gaske? Yana da gida, yana cin abinci?"

Na ce aminin Kawu ne, kuma jikokinsa sun fi goma.

Ya sake dariya har hawaye ya zubo masa. Ya ce wallahi ya ɗauka shi kaɗai ke ganinsa, don wane mahaluƙi ne zai buɗe lema ba ruwa ba komai. Ya ce ashe shirun da ake yi masa a wurin aiki shiru ne na gaske. Kafaɗunsa suka sauko, fuskarsa ta saki, na ga Autan da na rasa tun bara. Likitar ma ta yi murmushi, ta jawo wata farar takarda mai hatimin asibiti, ta ce me ake so a rubuta wa mai maɗaba'ar. Na fara yi wa Allah godiya a zuci. Na ce ko zai yi shekara ba ya gaishe ni, na yarda.

Sai ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya ya fuskance ni, har yanzu da sauran dariya a bakinsa.

"To matar fa, Yaya? Wa kika sa?"

Na ce wace mata.

"Mai kiran sunana. A bayan tarin takardu, in an kashe injuna lokacin hutu. Takan ce an gan ni, an gan ni. In na zagaya ba kowa." Ya kama hannuna. "Faɗa mini kawai, wallahi ba zan yi fushi ba. Cikin malaman makarantarku ce?"

Ban taɓa son yin ƙarya ba kamar yadda na so a lokacin. Ina ce masa e, zai yarda, likita za ta sa hannu, ranar Litinin yana kan injinsa. Na ma fara laluben sunan da zan ba shi. Amma na tuna tsawon wuƙar nan, na kuma dubi yatsun da ke riƙe da nawa, goma cif.

"Ban sa kowa ba, Auta," na ce. "Wannan ba ni ba ce."

Dariyar ta tsaya a fuskarsa na ɗan lokaci kafin ta tafi. Ya saki hannuna. Likitar ta mayar da farar takardar cikin aljihun tebur ba tare da ƙara ba, ta ce kada ya firgita, abu ɗaya ba ya yanke hukunci, kuma zuwa da wuri shi ne babban abin da ake so. Ta ɗauki bironta daga kan koren littafina ta tambaye shi tun yaushe ya fara jin muryar.

Ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa don ya tabbatar, kamar yadda ya saba da komai.

"Kafin nan ban taɓa ji ba," in ji shi. "Ranar da aka ɗauke ni daga kan inji ta fara."

Likitar ta rubuta, ba ta dube ni ba. Na buɗe baki in tambaye ta ko da ma ciwon zai zo, ko ni na kira shi, amma ta riga ta wuce zuwa tambaya ta gaba. Auta ya gyara kujerarsa ya fuskanci tebur, ya ce in babu damuwa yana so ya amsa sauran shi kaɗai. Na ɗauki jakata na fita na zauna a benci ina jira.